Masu lissafi ba sa iya shiga saba da dare, da rana kuma suna ganin komai: ina na kuskure a ƙa'idar NPS?

Mubarak:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimako, kwana uku ke nan abin nan ya hana ni sukuni. Wata biyu da suka wuce aka damƙa mini kula da sabobin wurin aikinmu, bayan wanda yake riƙe da su ya bar aiki. Muna da Windows Server 2019, an ɗora mata RRAS don ma'aikata su riƙa shigowa daga gida ta VPN, NPS kuma ita ke yanke hukuncin wanda zai shiga da wanda za a mayar. Na rubuta ƙa'idoji biyu. Ta farko ta ma'aikata ce gaba ɗaya, sharaɗinta mutum ya kasance cikin Domain Users, na kuma ƙayyade mata lokaci daga bakwai na safe zuwa bakwai na yamma. Ta biyu ta masu lissafi ce, su biyar, ita ban sa mata iyakar lokaci ba saboda ƙarshen wata sukan kai tsakar dare suna haɗa albashi, amma na sa mata matatar IP yadda ba za su kai ga komai ba sai sabar lissafi.

Abin da nake gani akasin haka ne. Jiya ƙarfe tara na dare shugabar sashen ta kira ni ranta a ɓace, ta ce sau shida tana gwadawa ana mayar da ita. Yau da rana kuma na zauna kusa da ɗaya daga cikinsu, ya haɗa laftof ɗinsa ta wayarsa, sai ga shi yana buɗe manyan fayilolin kowane sashe kamar ban taɓa sa matata ba. Saura kwana huɗu a biya albashi. Don Allah wanda ya san kan abin ya duba mini.

Malam Kabiru:
Wa alaikumus salam Mubarak. Kafin ka taɓa komai, buɗe Event Viewer a sabar da NPS take, ka nemi lamba 6273 ta wajen ƙarfe tara na daren jiya. Ita ce lambar da NPS ke rubutawa idan ta hana mutum, 6272 kuma idan ta bar shi. Ka gangara ƙasa cikin bayanin, akwai layin da ke ɗauke da sunan ƙa'idar da aka yi wa mutumin hukunci da ita. Faɗa mini sunan da ka gani a wurin.

Mubarak:
Na gani Malam. Sunan ƙa'idar ma'aikata gaba ɗaya ne a wurin, ba ta masu lissafi ba. Na duba na rana ma, 6272, ita ce dai.

Malam Kabiru:
To ka ga ciwon. NPS ba ta duba ƙa'idojinka duka ta zaɓi wadda ta fi dacewa da mutum. Daga sama take farawa, ƙa'idar farko da sharuɗɗanta suka hau kan mutum, a nan take tsayawa, ba ta ƙara leƙa na ƙasa. Masu lissafinka ma'aikata ne, suna cikin Domain Users kamar kowa, don haka tun a ƙa'idar farko aka kama su. Ta biyun da ka ɓata lokaci kana gyara mata matata, ba a taɓa isa gare ta ba ko sau ɗaya.

Akwai abu na biyu da ya kamata ka riƙe, domin shi ne ya hana baiwar Allah nan shiga da dare. A cikin kowace ƙa'ida akwai shafin sharuɗɗa, akwai shafin iyakoki, kuma lokaci yana iya zama a kowannensu, sai dai aikinsu ba ɗaya ba ne. Idan ka sa lokaci a sharuɗɗa, mutum ya zo ƙarfe tara na dare, NPS za ta ce wannan ƙa'idar ba tasa ba ce, ta wuce ta gaba. Idan kuwa a iyakoki ka sa shi, ta riga ta ce ƙa'idar tasa ce, ya kuma saɓa mata, sai ta rufe ƙofa nan take. Kai a iyakoki ka sa. Ka ɗaga ƙa'idar masu lissafi ta koma sama da ta kowa. Kullum mai ƙunci a sama, mai faɗi a ƙasa.

Injiniya Nafisa:
Malam ya gama magana a kan jeri. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne Domain Users ɗin nan. Mubarak, wannan rukunin ba ma'aikata kaɗai ke cikinsa ba. Duk asusun da aka buɗe a Active Directory a can yake faɗawa kai tsaye: asusun na'urar buga takardu, asusun gwaji da wani ya buɗe shekara uku da suka wuce da kalmar sirri mai sauƙi, asusun manhajar ajiyar bayanai, duka. Da ka ce Domain Users su shigo daga waje, duk waɗannan ka ba izini. Ka buɗe rukuni na musamman na masu VPN, ka zuba mutane da hannunka ɗaya bayan ɗaya, wanda ba ka san dalilin shigarsa ba kada ka sa shi.

Sannan ka kula da yadda kake jera rukunoni. Idan ka zuba rukuni biyu cikin sharaɗi guda, ko wanne mutum yake ciki ya wadatar. Idan ka yi su sharaɗi biyu daban-daban, sai yana cikin duka biyun. Na ga wanda ya kwana yana neman dalilin da ya sa kowa ke samun lambar dalili 48, wato babu ƙa'idar da ta dace da shi, ashe wannan ne.

Garba:
Jama'a ku yi haƙuri, amma ina ganin ana tsawaita abin da bai kai ba. Yaron nan saura kwana huɗu gare shi. Mutum biyar ne fa. Ya shiga asusun kowannensu, shafin Dial-in, ya zaɓi "Allow access", a wuce wurin. In ma ta ƙi, ya buɗe 3389 a rauta ya nuna ta kan sabar lissafi, su shiga da Remote Desktop kai tsaye. Na yi shekaru ina yi wa ƙananan ofisoshi haka, ba abin da ya taɓa samun kowa.

Injiniya Nafisa:
Yaya Garba, da girmamawa, wannan shawarar ta biyu kada Mubarak ya kusance ta. Tashar 3389 a buɗe ga intanet, kan sabar da albashin mutane yake? Ka gwada buɗe ta yini ɗaya ka duba rajistar tsaro, ka ƙirga lamba 4625 nawa za ka tarar, wato yunƙurin shiga da bai yi nasara ba. Ba mutum ne ke zaune yana gwadawa ba, manhajoji ne ke zagaye intanet dare da rana suna ƙwanƙwasa kowane adireshi. Kuma ba kullum sai da kalmar sirri ba. A watan Mayun 2019 Microsoft ta fitar da facin ramin da aka sa wa suna BlueKeep, wanda ta cikinsa ake iya shiga tsofaffin Windows ta Remote Desktop ba tare da sunan kowa ko kalmar sirrinsa ba. Tsananin abin ya kai har Windows XP, da aka daina kula da ita tun 2014, sai da aka yi mata faci.

Ta farkon kuma ba za ta ma yi aiki ba. "Allow access" izini kawai yake bayarwa, bai ɗauke iyakar lokacin da ke cikin ƙa'idar da ta kama mutum ba. Za a ci gaba da mayar da su ƙarfe tara na dare.

Garba:
Na karɓi gyara a kan ta farkon. Amma bari in faɗi abin da yake raina, don na san yadda ake yi a irin wannan zauren: kowa ya kawo nasa makullin har ƙofa ta gagari mai gida. Na taɓa karɓar wani ofis da wanda ya gabace ni ya ƙulle komai, satifiket, lokaci, matata, abin sha'awa a takarda. Da na zagaya teburorin ma'aikata, kwamfuta bakwai na samu an saka musu manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa irin ta kyauta, an bar su a kunne, an rubuta lambar shiga a 'yar takarda an manna a jikin allo. Ba mugunta ta sa su ba, aiki suke so su yi daga gida, hanyar da aka ba su ta gagare su. Ƙofa ɗaya da ka sani ta fi bakwai da ba ka sani ba. Wannan nake tsoro wa Mubarak.

Malam Kabiru:
Wannan maganar taka gaskiya ce Garba, kuma ban ga wanda zai musa ta ba. Tsaron da ya hana mutane aiki, su da kansu za su haƙa masa rami ta baya. Inda muka rabu shi ne maganin. Maganin ƙofa mai wuyar buɗewa a gyara makullinta, ba a cire ƙyauren ba. Abin da Mubarak yake buƙata bai fi aikin minti goma ba: ya ja ƙa'ida ɗaya sama, ya canza rukuni ɗaya. Shugabar lissafi ba za ta ga wani sabon wahala ba, yadda ta saba dannawa haka za ta danna.

Mubarak:
Na yi yadda kuka ce. Na buɗe rukuni biyu, na masu lissafi da na sauran masu aiki daga gida, na ɗaga ta masu lissafi sama, na cire Domain Users. Na gwada da asusun ɗaya daga cikinsu yanzu ƙarfe takwas da rabi, ya shiga, kuma sabar lissafi kaɗai yake gani, ko sabar fayil ya yi wa ping ba ta amsawa. Allah ya saka da alheri, Malam da Injiniya.

Sai dai ga wani abu da ya ɗaure mini kai. Ina cikin duba rajistar sai na ga 6272 da sunan wani da ban sa shi a kowane rukuni ba. Ƙa'idar da aka rubuta a gabansa kuma ba tawa ba ce, wata ce mai suna "Connections to Microsoft Routing and Remote Access server", wadda na tarar a can ƙasa da jan tambari a jikinta. Ai na ɗauka ita hanawa take yi. Ta yaya ƙa'idar hani za ta bar mutum ya shiga?

Malam Kabiru:
Yawwa. Ka zo inda nake so ka zo. Waccan ƙa'idar tana cikin biyun da NPS ke zuwa da su tun daga girkawa, kuma hani ne a kansu kamar yadda ka gani. Amma shafin Dial-in na asusun mutum yana da zaɓi uku: a bari, a hana, ko a bar wa ƙa'idar NPS hukunci. Matuƙar ba ka sa alama a akwatin "Ignore user account dial-in properties" a cikin ƙa'ida ba, abin da ke jikin asusun mutum shi ke rinjayar izinin ƙa'idar. Wannan mutumin wani ya taɓa danna masa "Allow access". Ya sauko bai dace da ƙa'idojinka biyu ba, ya faɗo kan ta ƙasa, ta ce a hana, asusunsa ya ce a bari, aka bi asusun. Kuma da yake waccan ƙa'idar ba ta da matatar da ka rubuta, ko'ina yake iya zuwa.

Mu da muka fara tun Windows 2000 da 2003, lokacin ana kiran abin IAS kafin a canza masa suna zuwa NPS a Server 2008, da wannan shafin muka saba ba mutane izini, ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa duk tsohon wurin da ka gada, sai ka tarar da irin waɗannan asusun birjik, ba wanda ya tuna da su. Buɗe PowerShell ka rubuta wannan:

Get-ADUser -LDAPFilter "(msNPAllowDialin=TRUE)" -Properties LastLogonDate

Zai jero maka duk wanda aka taɓa danna wa. Ranar shiga ta ƙarshe da zai nuna takan yi jinkirin da ya kai mako biyu, kada ka ɗauke ta daidai wa daida, amma ta isa ta nuna maka wanda ya shekara bai shiga ba.

Hajiya Rabi:
Tun ɗazu nake karantawa ban sa baki ba, amma nan wurin nawa ne, domin binciken tsarin kwamfutocin ma'aikatu shi ne aikina. Mubarak ɗana, abin da ka gano yanzu ya fi matsalar da ka zo da ita girma nesa ba kusa ba.

A watan Mayun 2021 aka tsayar da bututun man Colonial Pipeline a Amurka, wanda ke kai mai daga Texas har gabashin ƙasar, kwanaki ana layi a gidajen mai. Kamfanin ya biya kuɗin fansa kimanin dala miliyan 4.4. Da aka bi sawu, ta ina aka shiga? Ta wani tsohon asusun VPN da ba a amfani da shi amma ba a rufe ba, kalmar sirri kaɗai ke tsaronsa, babu mataki na biyu na tantancewa. Shugaban kamfanin, Joseph Blount, da bakinsa ya tabbatar wa majalisar dattawan Amurka haka. Kafin nan a 2013 an sace bayanan katin kuɗi kusan miliyan 40 daga kantunan Target, kuma da bayanan shiga na wani ɗan kwangilar na'urorin sanyaya ɗaki aka fara kutsawa. Ba wata gwanintar fasaha ce ta buɗe ƙofar farko ba a duka biyun, asusu ne da ba mai kula da shi.

Shi ya sa idan na je bincike ba na fara tambayar a nuna mini NPS. Takarda nake tambaya. Wa ya amince a ba wane izinin shiga daga waje? Yaushe? Zuwa yaushe? Idan ma'aikaci ya ajiye aiki yau, wa zai gaya wa mai kula da saba, kuma cikin awa nawa? Sau da yawa sai a yi shiru ana kallon juna. Sashen ma'aikata sun karɓi katin shaida da makullin ofis, sun yi sallama da mutum, ba wanda ya tuna cewa yana da wata ƙofar a cikin laftof ɗinsa. Abin da ka danna a NPS fassara ce kawai ta abin da shugabanninka suka yarda da shi. In babu abin da suka sa wa hannu, ranar da abu ya lalace kai kaɗai za a nuna da yatsa, ranar da ka hana wani babba shiga kuma ba ka da abin da za ka kare kanka da shi. Shafi ɗaya ya isa. Ka rubuta, ka kai a sa hannu.

Auwal:
Ni dai a kullum in na ga irin wannan wahalar sai in ce me ya hana a koma WireGuard. Tun Maris 2020 yake cikin ƙwayar Linux, daga 5.6, saitinsa bai fi layi goma ba, babu kalmar sirri balle a sace, makulli ne kowace na'ura da nata. A sabobina ko SSH ban bar kalmar sirri ba, PasswordAuthentication no, PermitRootLogin no, AllowGroups rukuni ɗaya, shi ke nan.

Injiniya Nafisa:
Auwal, WireGuard yana da kyau, ni ma ina amfani da shi tsakanin rassa. Amma bai san Active Directory ba, bai san wane ne ma'aikaci wane ne ya tafi ba. Makullin da ka ba ɗan kwangila bara yana nan yana aiki har ranar da ka tuna ka goge shi daga fayil da hannunka. Ciwon da Hajiya ta faɗa ne dai ya canza riga. Kuma wanda ya rage masa kwana huɗu ba a ce masa ya rushe gini ya sake sabo.

Tambayar da ta fi damuna, Mubarak, wace irin VPN ce ma'aikatan ke haɗawa da ita? Duba tashoshin da ke cikin RRAS, ka ga waɗanda ke aiki.

Mubarak:
PPTP ce Injiniya. A rauta ma 1723 na ga an buɗe. Haka na gada.

Injiniya Nafisa:
Na yi zargin haka. Wannan ita ce aikinka na gaba da zarar an biya albashi. PPTP da MS-CHAPv2 take tantance mutane, kuma tun 2012 Moxie Marlinspike da David Hulton suka nuna a taron DEF CON cewa duk wanda ya kama musayar farko tsakanin kwamfuta da saba zai iya fasa ta, komai tsawon kalmar sirrin, domin ƙarfin abin gaba ɗaya bai wuce makullin DES guda ba. Ma'aikaciyarka ta zauna a otal ko filin jirgi ta hau Wi-Fi na kowa da kowa, ka ga inda matsalar take. Microsoft da kanta ta sanar a Oktoban 2024 cewa tana janye PPTP da L2TP daga Windows Server.

Kana da zaɓi biyu a cikin RRAS ɗin da ke hannunka, ba sai ka sayi komai ba. SSTP tana bi ta TCP 443, tashar da shafukan intanet ke bi, don haka da wuya ka je inda aka toshe ta. IKEv2 tana bi ta UDP 500 da 4500, ta fi sauri, kuma idan mutum ya tashi daga Wi-Fi ya koma kan layin waya tana ɗorawa daga inda ta tsaya. Dukansu suna son satifiket a kan saba, sunan da ke jikinsa ya yi daidai da sunan da ma'aikata ke bugawa. Ka rubuta ranar ƙarewarsa a inda idonka zai gani kullum. Na taɓa tashi da safe wayata cike da kira, mutum sama da arba'in sun kasa shiga, ba abin da ya lalace, satifiket ne ya cika shekara da tsakar dare.

Garba:
To ga tambaya ta gaskiya, ba gardama ba. Mataki na biyun nan da Hajiya ta ambata, a ƙaramin ofis ya ake yi da shi? Akwai dattijon da ko manhaja ba ya yarda a sa masa a waya.

Malam Kabiru:
Akwai hanya fiye da ɗaya. Wanda yake da Microsoft Entra, wadda a da ake kira Azure AD, akwai ƙarin da ake ɗora wa NPS, mutum ya buga kalmar sirri sai saƙo ya zo wayarsa ya amince. Abu ɗaya da ke kayar da mutane a nan shi ne lokacin jira: sabar VPN takan gaji da jiran amsar RADIUS kafin mutum ya laluba aljihu ya ciro waya, don haka sai an ƙara mata lokacin zuwa kamar daƙiƙa sittin. Wanda ba ya son waya kuma, a ba kwamfutarsa satifiket ta EAP-TLS, ko a ba shi ɗan makullin da ake sokawa a USB. Dattijon naka ba abin da zai koya, laftof ɗin ofis ce za ta gabatar da kanta. Wanda ya saci kalmar sirrinsa kuma ba shi da laftof ɗin.

Tunda an ambaci RADIUS, Mubarak, idan wata rana ka raba NPS da RRAS zuwa saba biyu, ka tuna UDP 1812 da 1813 suke magana ta kai, kuma Server 2019 tana da wani aibi da aka sani, katangarta takan toshe waɗannan tashoshin duk da ƙa'idar buɗe su tana nan a rubuce. Umarnin sc sidtype IAS unrestricted da sake kunna saba ke warware shi. Kalmar sirrin da sabobin biyu za su yi tarayya a kai kuma ka bar NPS ta ƙirƙiro doguwa da kanta, ka kunna Message-Authenticator, musamman bayan raunin Blast-RADIUS da aka bayyana a Yulin 2024.

Hajiya Rabi:
Ƙari ɗaya a kan 'yan kwangila, don su ne suka fi ba ni ciwon kai. Duk asusun da za ka buɗe wa wanda ba ma'aikaci ba, ka sa masa ranar mutuwa tun ranar da ka buɗe shi, akwai wurin a shafin Account. In aikin ya wuce ranar, shi zai kira ka ya nemi ƙari, ba kai za ka riƙa tunawa ba. Kuma ƙa'idarsu daban, matatarsu daban, sabar da suka zo gyarawa kaɗai.

Auwal:
Kuma ya sa iyakar zama. Rufe asusu ba ya yanke wanda ya riga ya shiga, NPS a bakin ƙofa kawai take tambaya. In babu iyaka, mutum zai iya kwana uku a ciki bayan an sallame shi, muddin bai kashe kwamfutarsa ba. Awa takwas ko goma, a yanke, ya sake gabatar da kansa.

Mubarak:
Na dawo. Na gudanar da umarnin da Malam ya bayar, asusu goma sha ɗaya suka fito. Huɗu ma'aikata ne da ke nan, na mayar da su kan hukuncin NPS na sa su a rukuni. Biyar sun bar aiki, ɗaya tun kafin a ɗauke ni da shekara biyu. Ɗaya na wanda na gada ne, kuma har yanzu yana cikin Domain Admins. Na ƙarshen shi ne wanda na gani a rajista ɗazu, na kamfanin da ya girka mana manhajar lissafi ne, kwangilarsu ta ƙare tun bara, amma asusun ya shiga sau uku a wannan watan, duka tsakanin ƙarfe ɗaya da uku na dare.

Na rufe bakwai ɗin, na yanke zaman da ke buɗe, na sa alamar watsi da Dial-in a ƙa'idojina da na ƙasan duka. Hannuna har rawa yake. Ban sani ba ko wani ma'aikacinsu ne yake duba wani abu, ko kuwa wani ne daban.

Hajiya Rabi:
Ka yi daidai da ka rufe, amma kada ka goge asusun, kada kuma ka taɓa rajistar. Yanzu, kafin ka kwanta, ka kwafi fayilolin da ke C:\Windows\System32\LogFiles da rajistar tsaro ta sabar VPN da ta sabar lissafi, ka ajiye su a wani wuri da ba ya kan netwok ɗin. A cikin kowace 6272 akwai adireshin da aka shigo daga gare shi, ka rubuta su ukun da ranakunsu da lokutansu. Gobe da sassafe ka kai wa shugabanka a rubuce, ba a baki ba, shi zai kira kamfanin ya tambaye su ko nasu ne. Kada ka kira su da kanka.

Malam Kabiru:
Ka kuma canza kalmar sirrin duk wani asusun admin a daren nan, ka duba ko an buɗe sabon asusu a waɗannan ranakun uku, lamba 4720 ce a rajistar tsaro ta domain controller. Ka gaya wa shugabar lissafi ta gwada lambobin asusun bankin ma'aikata da na watan jiya kafin ta tura albashi. In ka ga 4720 ko ɗaya da ba kai ka yi ba, ka turo nan ko ƙarfe nawa ne, wayata tana kusa da ni.